IU ta ba ni mamaki

Jama'a, jiya da daddare na ƙarasa kallon My Mister, shirin Koriya da IU ta fito a ciki, har yanzu jikina a sanyaye yake.

IU, wato Lee Ji-eun, da waƙa aka fara saninta a Koriya ta Kudu. Ta fito a 2008 tana 'yar shekara 15, ba a wani kula ta ba sai da waƙarta Good Day ta tashi kan gari a 2010. Mawaƙa da yawa kan shiga fim su tsaya a kwalliya da murmushi. Ita kuwa a wannan shiri na 2018 kusan ba ta dariya: fuska a murtuke, bashi ya yi mata katutu, ga kakarta kurma. Wurin da ta turo tsohuwar a keken kanti cikin dare don ta ga wata, wallahi sai da na dakatar na share hawaye. Da hannu suke magana, amma komai ya fito.

Ashe ita ma a hannun kakarta ta zauna tana ƙarama, lokacin da bashi ya tarwatsa gidansu. A 2022 fim ɗinta Broker ya kai ta bikin fina-finai na Cannes a Faransa, kuma har yau ba ta ajiye waƙa ba. Wa ya kalli wani shirin nata, Hotel del Luna? Shi nake son farawa.