"Sorry" ɗin da ba na laifi ba

Talata, bayan sallar isha.

Tun safe nake fama da takardun jarrabawar 'yan aji uku, ga zafi ga babu wuta. Wajen la'asar ƙanwata da ke aikin jinya a Ingila ta kira ni ta WhatsApp, tun kafin mu gaisa take dariya. Wai kofin shayi ne ya suɓuce wa wata tsohuwa a ɗakin marasa lafiya, ita kuwa ta ce mata "sorry". Tsohuwa ta dube ta da mamaki, ta ce don me, ai ba ke kika zubar ba.

"Yaya," in ji ta, "ni fa sannu nake yi mata, ita kuma ta ɗauka laifi nake amsawa."

Bayan mun yi sallama na ajiye jan biro, maganar ta ƙi barin kaina. Mu a nan, in mutum ya yi tuntuɓe ko ya yi tari, ko kansa na ciwo, "sorry" muke cewa, har mu ƙara da "sorry o". Sannunmu ce muka sa wa rigar Turanci. Wasu malamai kan ja wa yara kunne wai kuskure ne. Ni ban yarda ba, domin asalin kalmar ma daga wajen ciwo ta fito. A tsohon Turancin da ake yi fiye da shekara 1000 da suka wuce "sarig" ake cewa, daga "sar", wato ciwo ko raɗaɗi, tushen da ya haifi "sore". Mai cewa "sorry" yana nufin abin ya taɓa masa zuciya, ko shi ya jawo ko ba shi ba. Shi ya sa har yau da ita Bature ke yin ta'aziyya, ba wanda ya ce shi ya kashe mamacin.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yawan aikin da suka ɗora wa kalma ɗaya. Mu muna da sannu, da yi haƙuri, da gafara dai, da na tuba, kowace da inda take shiga. Su kuwa in ba su ji abin da ka faɗa ba, sai su ce "sorry?" su ɗaga murya a ƙarshe, wato me ka ce. Za su ratsa cikin cunkoso, ita ce gafararsu. Ƙanwata ta ce a jirgin ƙasa wanda ya taka da wanda aka taka duk suna faɗa. Amma wadda ta fi haɗari ita ce ta ofis: da ka ji "sorry, but", ka tattara takardunka, ba za a yi maka ba.

Bayan magariba wuta ta dawo, na gama rabin takardun, muka ci tuwo da miyar kuɓewa. Ina ba maigidana labarin, har na kawo masa zancen Kanada, inda lardin Ontario ya yi doka a 2009 cewa ba da haƙuri ba ya zama shaidar amsa laifi a shari'ar neman diyya. Ya yi shiru, sannan ya ce da za a kawo dokar nan Kano, ƙila direbobi su rage tsayawa a tsakiyar titi suna gardama a kan wa ya gogi wa.