Kafin ka zuba kuɗinka a dogon lensi, ɗan tsaya tukuna

Ɗan yayata ne ya shigo shago ran Asabar da yamma, ko zama bai yi ba ya miƙo mun waya, wai Kawu duba wannan, shi zan yi oda kafin Sallah. Na karɓa na duba. Wani dogon lensi ne fari kamar taɓarya, an rubuta 420-800mm, kuɗin shi bai ma kai na wayar da ke hannun yaron ba, a gefe kuma an lika hoton wata har ramukan jikin shi ana gani. Yaron nan bai daɗe da samun kyamara Canon 2000D ta hannu ba, burin shi kawai ya tsaya a bakin fada ranar hawa ya ɗauko fuskar mai martaba daga nesa ya ɗora a Instagram. Nace mai kai wa ya ce maka wannan abun yana fokos da kan shi? Sai ya ce ai akwai bidiyo a TikTok. Toh. Akwai bidiyo. Wallahi sai da na ji wani abu ya tokare mun ƙirji, don irin wannan kayan ne ya taɓa kunyata ni a gaban manya, zamanin marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, Allah Ya jiƙan shi.

Nawa ma ya fi na shi tsawo. 650-1300mm ne, babu wani suna na kirki a jiki, nauyin shi kusan kilo biyu. Lokacin ina da Nikon D3100 da ɗan lensin da ake haɗowa da ita 18-55mm, sai wani 50mm f/1.8 da nake cin abinci da shi a bukukuwa da hotunan ɗalibai a Samaru da Kongo lokacin yaye su. Kullum in aka yi hawa sai in ga masu hoto daga Kaduna da Abuja, wani lokacin har da Turawa, da manyan fararen lensina a wuya, dogarai na buɗe musu hanya, ni kuma ana tura ni baya da ɗan guntun abuna. Abun na ci mun rai. A tunanina a lokacin tsawon ne kawai ya raba mu, ban san cewa nasu 70-200mm ne f/2.8 ba, wato ma a lamba nawa ya ninka nasu sau da yawa, amma a aiki ko kusa. Na sai da 50mm ɗin nan, abun da har yau in na tuna sai na yi tsaki, na haɗa da kwasar adashi, na ba wani da ke zuwa Legas sautu.

Amma fa a mun adalci. Wa zai koya mun? Manyan da muka tarar a sana'ar, Allah Ya saka musu, ba sa faɗa maka komai, ka tambayi mutum me ya sa hoton shi ya fita garau sai ya ce maka hannu ne. Data kuma lokacin ba irin ta yanzu bace da yaro zai kwana yana kallon bidiyo. Kuma lissafina ba na mahaukaci bane, in 200 na jawo abu kusa toh 1300 ai sai ta kawo maka shi gaban hanci, wa zai ce ba haka ba? Ranar da kayan ya iso na hau saman soro da daddare na ɗauki wata, ya fita, ba laifi, na yi ta yawo da shi ina nuna ma mutane. Abun da ban lura ba shine wata baya gudu, baya tada ƙura, kuma hasken shi ya ishe shi.

Da ƙarfin wannan hoton watan na karɓi aikin wani bawan Allah mai sarauta, ɗan shi zai yi hawan farko, an yi mai ɗinki an yi ma doki kwalliya tun daga ɗan kai har jalala, ya bani kafin alƙalami ya ce yana son hoton yaron a tsakiyar zuga da kuma lokacin jahi. Nace ranka ya daɗe an gama. Har da cewa ba sai na matso kusa ba, daga inda nake zan ɗauko har zaren rawani.

Abun da ya faru ranar ba daɗin faɗa. Na farko dai kyamarar ta ƙi auna haske kwata-kwata, don lensin ba shi da waɗannan ƴan ƙarafan da ke magana da kyamara, dole sai a M, komai da ka zaka ƙiyasta. Na biyu in na leƙa duhu nake gani, saboda ƙofar hasken shi daga f/8 take farawa, in ka ja shi ƙarshe ta koma f/16, kuma ba a canza ta. Na uku, fokos da hannu, doki na tahowa ina murɗawa, kafin in kamo fuska ya wuce, in na kamo kuma hannuna na rawa don a wannan tsawon ko numfashi ka yi sai hoton ya yi tsalle. Na kafa ƙafar kyamara, jama'a suka ture ta. Kuma wani abun dariya, da zugar ta matso kusa sai ya zama ba abun da nake gani sai kunnen doki ko gefen alkyabba, don ba ya dawowa baya, mafi gajartar shi 650 ne. Na koma gida na zuba a kwamfuta, duk dishi-dishi, gefen fararen rawuna duk ya yi wani shunayya-shunayya. Hoton da na iya kaiwa guda ƙalilan ne da na ɗauka da ɗan 18-55 ɗin nan da nake rainawa, kafin a hau, a ƙofar gida. Mutumin bai mun faɗa ba, ya dai kalla ya ce Allah Ya yi albarka, bai ƙara nemana ba. Da zagina ya yi da ya fi mun sauƙi.

Za ku ce daga nan na yi hankali ko? Ina. Na rabu da shi da asara, na sake tara kuɗi na sayi 70-300mm na Nikon na gaske, na hannu, da arha, ina murna wannan karon ai mai suna ne. Na ɗaura a kyamara, shiru, baya fokos. Na koma ma mai kayan da faɗa, ya ɗauko tashi kyamarar ya ɗaura, sai ga shi yana aiki lafiya lau. Ashe tsohon samfuri ne mai AF kawai, wanda injin da ke cikin jikin kyamara ne ke juya shi, su kuma D3100 da D3200 da D5100 da ƴan uwansu ba su da wannan injin, sai lensi mai AF-S da ke da na shi a ciki. Nan kam laifina ne, ban je da kyamarata ba. Ko da yake shi ma ai ya san wace kyamara nake riƙewa, kullum muna haɗuwa a wajen biki, da ya so da ya faɗa mun. Toh amma kasuwa ce, na bar shi da Allah.

Na zauna ne da niyyar in jero muku shawarwari da yawa, har na fara rubutawa a takarda, amma da na duba sai na ga yawanci surutu ne, kuma na san ku, ba karantawa za ku yi ba in ya yi tsawo.

Ku daina kallon lambar milimita, ku kalli wadda ke bayan f, wato ta ƙofar haske. Duk lokacin da ka tashi daga f/5.6 zuwa f/8 rabin haske ya tafi, f/11 saura kwata, f/16 kashi ɗaya cikin takwas kenan. Dokin da ke sukuwa kuma sai ka ba shi shota, wato saurin ƙiftawar kyamara, wajen 1/1000 na sakan kafin ya tsaya cak a hoto, toh ina zaka samo hasken? Sai dai ka ɗaga ISO, wato ka ƙara ma kyamara ƙarfin jin haske, hoton ya cika da yashi. Kuma ƙananan kyamarorin nan namu, fokos ɗin su na son f/5.6 ko abun da ya fi shi buɗewa. Sannan kar ka manta kyamararka ma tana ƙara maka tsawo, ta Canon irin su 2000D da 700D ka ninka da 1.6, ta Nikon da 1.5, kaga 250mm a Canon ya zama kamar 400mm kenan. Me zaka yi da fiye da haka a filin hawa, ko a filin folo, ko wajen ɗaurin aure? Zaki zaka ɗauka?

In Canon gare ka kuma aljihu ba nauyi, nemi EF-S 55-250mm IS STM ka huta. Roba ne har gindin shi, ba shi da kwarjini, ba dogarin da zai buɗe maka hanya don ya gan shi, amma hoton shi garau ne kuma yana da abun hana rawa, wato IS ɗin nan. Akwai 75-300mm da ya cika kasuwa, kowa na ɗauka don ya ga 300 ta fi 250, ni dai bana ba kowa shawarar shi, ba shi da IS kuma can ƙarshe hoton na yin laushi. In Nikon ne, AF-P 70-300mm yana da kyau da sauri, amma kala biyu ne, akwai mai VR, wato abun hana rawa na Nikon, akwai mara VR, kuma kusan kamar su ɗaya, ka karanta jikin da kyau. Kuma AF-P baya aiki a D3100 da D3200 da D90 da irin su, sai daga su D3400 da D5600, D3300 ma sai an sabunta mata manhaja. Mai tsohuwar kyamara ya nemi 55-200mm ko 55-300mm mai AF-S da VR, ko 70-300mm na kamfanin Tamron mai VC, wato nasu abun hana rawan, in ya dace da shi, wannan da nauyi amma yana aiki.

Kar ka sayi wanda ba shi da abun hana rawa. Ko da yake, tsaya, gaskiya a wajen jahi ba abun da zai maka, don rawar hannunka yake gyarawa ba gudun doki ba, in kana 1/1000 da shi da babu duk ɗaya. Inda yake ceto shine wajen walima da yamma, ko cikin zaure, ko mai wa'azi a kan mumbari kana can baya. Toh ka duba me ka fi ɗauka. Amma dai ka sayi mai shi.

Na hannu kuma, da ina cewa kar a kuskura. Yanzu da dala ta kai inda ta kai in nace ku sayi sabo ƙarya nake, ni kaina rabon da in ɓare lensi daga kwali na manta. Sai dai ka je da kyamararka, taka, ba ta mai kaya ba. Ka cire murfi gaba da baya ka haska tocilan waya ta ciki, ƴar ƙura ba komai bace, mu da muke shan hunturu a garin nan ba lensin da zai tsira daga ita, amma in ka ga wani abu fari-fari ya yi rassa a jikin gilashi toh fumfuna ce, ajiye mai kayan shi ko nawa ya rage maka. Ka ja zum ɗin har ƙarshe ka ɗauki rubutun wani allo a tsallaken titi, ka buɗe hoton ka duba tsakiya da gefe-gefe. Ka kasa kunne ka ji ko injin na ƙara. Wannan duka bai fi minti goma ba, amma yaran yanzu ba za su yi ba, sai dai a ga hoto a WhatsApp a tura kuɗi ma wanda ba a taɓa gani ba, in kaya ya zo a lalace a zo ana Kawu ya za a yi. Ya za a yi da me? Lokacin da kake turawa ka tambaye ni?

Abun da ke bani haushi da ku kenan, komai na hannunku, bayanin da mu muka yi shekaru muna roƙo a bamu yana nan kyauta, amma ba za ku karanta ba sai wanda ya yi rawa a bidiyo na sakan talatin. Kuma ba kwa son tafiya. Mai hoton hawa na gaske tun kafin a sauko idi ya san inda zai tsaya, ya san ta inda rana zata faɗo, ya gaida dogarai, ya san wace zuga ke bin wace. Wanda ya samu wuri mai kyau da 200mm sai ya fi wanda ke can bayan jama'a da 800, don duk ƙurar da ke tsakanin ka da doki da zafin da ke tashi daga ƙasa a cikin hotonka za su ƙare, kuma ba lensin da ke maganin wannan ko na miliyan nawa ne.

Kar ku ci bashi don lensi. Sai dai in aiki ne a hannu tabbatacce kuma ɗan cikon da zai kai ka ga mai kyau ne, toh wannan ci, ya fi ka sayi na banza sau biyu. In kuma don hawa ɗaya ne ko biyu a shekara kake wannan ɗokin, ka ma bar sayen, ka samu wani a cikin masu sana'a ka yi haya ko aro na kwana biyu, ka saka mai hular shi ta gaba don rana da hannun mutane, kar ka canza lensi a tsakiyar ƙura, ka goge ka mayar yadda aka baka. Ni dai nawa bana ba da aro, kar ma wani ya turo mun saƙo.