Cin da nake yi yanzu har tsoro yake ba ni

Wata huɗu ke nan da likita ya ce ciwon siliyak gare ni, ya hana ni duk abin da ke da alkama ko sha'ir. Burodi, taliya, fanke, duk mun rabu.

Da can loma biyu sai ciki ya kumbura. Yanzu fa? Da safe koko da ƙosai, kafin azahar ina gaban mai waakye (shinkafa da wake) a unguwar Nima: "Hajiya, ban da taliya, ƙara ƙwai." Jiya na share tuwon zafi da miyar ayoyo har Inna ta ce, "Kai, lafiya kuwa?"

Likita ya ce hanjin da alkama ta ɓata ne ke warkewa, jiki na ramuwa. Wandon Sallar bara dai ya ƙi shiga.