Kafin ka kwance noti a ƙarƙashin motarka

Ranar Lahadi na iske ɗan ƙanwata kwance ƙarƙashin Corollarsa a tsakar gida, nan Boukoki, waya a hannun hagu, sifana a dama. Wai juyen man giya zai yi, ya gani a YouTube. “Kawu, ai abu ne mai sauƙi.” Ni ma haka na ce a lokacina.

Tawa motar ƴar Kwatano ce, mai canza giya da kanta. Kuɗin makaniki na ƙyasta, kuma ba laifina ba ne kacokan, don wani ya taɓa karɓar kuɗina bai juye komai ba. Na kwance notin, wajen lita 3 suka zubo. Littafin motar kuwa ya ce cikinta ya haura lita 6. Sai na ce ashe dama man ya yi ƙasa! Ban san sauran yana maƙale a ciki ba, noti ba ya fito da shi. Na yi ta ɗurawa har galan ya ƙare. Man ma Dexron III ne, alhali T-IV aka rubuta a jikin sandar awo. Mai shago ya ce ja dai ja ne. To, wa zan yarda da shi, in ba mai sayarwa ba?

Hanyar Tahoua muka kama cikin zafin Afrilu. Bayan Dogon Dutsi inji ya fara ihu, mota ba ta gaba. Na zaro sandar: kumfa, da warin ƙuna. Iyalina suka yini gindin bedi, surukata ba ta ce uffan ba. Kuɗin gyaran ba zan faɗa ba.

Na yi niyyar jero muku shawarwari, amma ku yaran yanzu wa ke karanta dogon rubutu? Kada ku taɓa. In kun ƙi ji, kuma na san za ku ƙi, ku tara abin da ya fito a bokiti, ku auna, ku mayar da sabo daidai shi. A Toyota, ana duba sanda inji na aiki, da zafinsa, giya a P, mota a shimfiɗaɗɗen wuri. Mota mai CVT kuwa, wato wadda giyarta ba ta hawa mataki-mataki, nata man daban ne.

In man ya yi baƙi ƙirin, kai wa makaniki. Ka tsaya a kansa dai har ya gama.