Tattaki a gefen kogin da ya daskare

Jiya ni da abokai muka yi tattaki a wata siririyar hanya da ke bin gefen kogi, ana tsakiyar hunturu. Wai ashe gumi ya fi sanyin kansa haɗari! In ka yi sauri ka jiƙe, da ka tsaya hutawa rigar auduga ta riƙe damshin, sai jiki ya hau kyarma. Shi ya sa jagoranmu ya ce a sa kaya hawa-hawa, a riƙa cirewa tun kafin a fara gumi.

Kogin ne ya fi ba ni tsoro. Samansa ya daskare fari fat, amma kana jin ruwa na gudu a ƙarƙashi. Ko a tafki, sai kaurin ƙanƙara ya kai kusan santimita 10 ake yarda mutum ya taka. A kogi kuwa gudun ruwa na cinye ta daga ƙasa, nan da kauri, can kamar takarda. Wani cikinmu ya so hawa ya ɗauki hoto, muka ce wallahi bai isa ba.

Batirin wayata ma sanyi ya kashe shi tun kafin mu juyo. Ƙafafuna har yanzu ciwo suke, amma in an sake shiryawa ku sa sunana.