Abin da Littafin Aljihu Ya Gaya Mini Game da Kaina

Shekarar da na cika 31, kwas uku ne na yi wa rajista, kuma babu wanda na kai ƙarshensa. Na farko na rubuta manhajar kwamfuta ne, na biyu na aikin akanta, na uku na koyon wani harshe. Kowanne da zafi na shige shi. In tsara jadawali, in sanar da duk wanda ya ba ni kunne cewa yanzu kam na gano inda na dosa. Bayan wata biyu ko uku sai wutar ta mutu. Idan aka tambaye ni ina aka kwana, sai in ce aiki ne ya sha mini kai a ofis.

Dare ne ya fi yi mini wuya. Da na kwanta sai tambaya ɗaya ta taso: wai ni me nake so in zama? In yi ta juya ta har barci ya ɗauke ni, kuma kowane wata amsar daban take fitowa. A lokacin na ɗauka ciwona shi ne rashin alkibla, maganinsa kuma ƙarin tunani. Shekaru na yi ina wannan tunanin, ban matsa ko taku ɗaya ba.

Wata maƙala ce ta Peter Drucker ta tsayar da ni, masanin harkar gudanarwa da aka haifa a Biyana, babban birnin Austriya, a 1909, ya rasu a Amurka a 2005. A 1999 ya rubuta ta, ya ce yawancin mutane suna zaton sun san abin da suka iya, kuma galibi zaton nasu kuskure ne. Hanyar da ya bayar mai sauƙi ce: duk lokacin da ka yanke wata muhimmiyar shawara, ka rubuta abin da kake tsammanin zai faru, ka ajiye, bayan wata 9 ko 12 ka buɗe ka gwada da abin da ya auku. Ya ce shi kansa ya yi shekaru yana haka, kuma duk sanda ya buɗe sai ya sha mamaki. Na ce a raina, idan mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana nazarin yadda mutane ke aiki bai yarda da zatonsa game da kansa ba, to ni da me na dogara?

A daren na rubuta hasashe uku, na sa a ambulan, na liƙe. Amma wata 9 ya yi mini nisa, don haka na ƙara da wani abin da zan ga sakamakonsa da wuri. Mako yana da awa 168. Na ɗauki ƙaramin littafin aljihu, na ce zan rubuta inda kowace awa ta tafi har tsawon mako huɗu.

Makon farko ƙarya na rubuta, ba tare da na yi niyya ba. Sai dare nake zama in cike shafin daga abin da na tuna, ƙwaƙwalwa kuwa tana son mai ita. Minti 20 da na yi ina karatu sai ya koma awa ɗaya, awa biyu da na yi a waya sai ta koma "na ɗan duba saƙo". Na gane hakan ne da na buɗe lissafin da wayar kanta take ajiyewa na lokacin da aka yi ana kallonta, na ga bai yi kama da nawa ba ko kaɗan. Daga nan na sa ƙararrawa tana bugawa duk bayan awa ɗaya, in rubuta nan take, kalma uku ko huɗu. A gefe kuma na ja wani layi, inda nake sa alamar tarawa idan abin da na yi ya bar ni da ƙarfi, alamar ɗebewa idan ya bar ni a gajiye.

Da na haɗa lissafi, karatun da nake gaya wa mutane ina yi kullum bai kai awa uku a mako ba. Waya ta haura awa 20. Wannan ya yi mini ciwo, amma ban yi mamaki sosai ba. Layin gefen ne ya ba ni mamaki. Kusan duk inda na sa alamar tarawa a lokacin aiki, abu ɗaya nake yi: ina yi wa wani bayani.

Akwai wata rana da har yanzu nake ganinta a idona. Wata sabuwar ma'aikaciya ta zo teburina dab da tashi, ta ce, "Malam, don Allah ka taimaka, wannan rahoton ya ƙi daidaita, sau uku ina sake shi." Na karɓa na duba, na ga inda kuskuren yake cikin minti ɗaya. Da na so da na gyara na miƙa mata. Sai na juya bayan wata takarda, na zana akwati uku da kibiya tsakaninsu, na nuna mata daga inda kowane adadi yake tasowa da inda yake faɗawa. Na ce ta bi da yatsa ta gaya mini inda hanyar ta yanke. Ta bi sau ɗaya ba ta gani ba. A karo na biyu yatsanta ya tsaya a kan akwati na tsakiya, ta ɗago ta ce, "Af! Ashe nan ne." Da na duba agogo, an tashi da kusan minti 40, ban ko lura ba. Irin wannan aikin kuwa shi ne nake kira ɓata lokaci, shi nake cewa yana hana ni karatun da zai kai ni wani wuri.

Littafin aljihu abin da na yi kawai yake nunawa. Abin da ya sa nake yi, sai da na tambayi mutane. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu 'yan Amurka, Joseph Luft da Harrington Ingham, sun fitar da wani zane a 1955 da ake kira tagar Johari, daga farkon sunayensu. Sun raba sanin mutum gida huɗu: abin da kai da mutane kuka sani game da kai, abin da ka sani ka ɓoye, abin da mutane ke gani kai ba ka gani, da abin da babu wanda ya sani tukuna. Gida na ukun nan komai daɗewar da ka yi kana tunani ba za ka leƙa shi kai kaɗai ba, kamar yadda ba ka ganin ƙeyarka. Dole wani ya gaya maka.

Mutum huɗu na tambaya. Biyu yabo kawai suka yi mini, kuma laifina ne, don tambayar da na yi ta yi faɗi. Idan ka ce wa mutum "mene ne aibina?" kunya za ta sa ya ce ba ka da shi. Da na je wurin yayata sai na canza salo. Na ce, "Yaya, kin ga na fara abu uku na bari. A ganinki me yake sa in bari?"

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ƙanena, gaskiya kake so, ko in faranta maka?"

Na ce gaskiya.

Ta ce, "Kai ba wuya ke korar ka ba, tun kana yaro kana da juriya. Ranar da ka ga wani ya fi ka a abu, ranar kake fita daga cikinsa. Kuma ba ka taɓa zaɓar abu don kana son sa ba. Sai ka ga ana yabon wani a kai, sannan ka ce kai ma shi za ka yi."

Na buɗe baki zan kawo hujja, ta ɗaga hannu ta ce, "Kai ka tambaya." Na yi shiru. Kwana biyu ina jin haushinta. A na uku na zauna na bi kwasa-kwasan ɗaya bayan ɗaya. Na kwamfuta na shiga ne bayan wani da muka yi makaranta tare ya samu aiki da shi, na bari a makon da wani yaro da na girme wa da shekara goma ya gama aikin gwaji cikin awa ɗaya, ni ina kwana na uku a kai. Sauran biyun ma kusan haka labarinsu yake. Babu inda maganarta ta kauce. Tun daga ranar, idan na roƙi wani ya gaya mini abin da yake gani, ba na cewa komai sai "na gode", in je in rubuta, in bar shi ya kwana uku kafin in yanke ko gaskiya ne.

A nan ne na yi kuskuren da ya kusa rusa komai. Da na ga amfanin bincikar kai, sai na mayar da littafin kotu. Kusan wata guda babu abin da nake rubutawa sai laifi: yau ma na yi kasala, yau ma na yi hassada, me ya sa nake haka, me ya sa ba na gyaruwa. Na fara tsoron buɗe shi. Yi wa kai hisabi tsohon abu ne, har akwai malamin da ya samu laƙabinsa daga nan, Harisu al-Muhasibi, haifaffen Basra da ya rasu a Bagadaza a shekarar 857 miladiyya. Amma hisabi lissafi ne, lissafi kuwa gefe biyu gare shi. Ɗan kasuwar da asara kaɗai yake rubutawa bai san halin da dukiyarsa take ciki ba, daidai da wanda riba kaɗai yake rubutawa. Na kuma lura cewa tambayar "me ya sa nake haka?" ba ta taɓa ba ni amsar da zan yi aiki da ita ba, rami kawai take ƙara haƙawa. Sai na koma tambayoyi biyu: me ya faru dab da in ji haka, kuma me zan yi gobe idan ya sake faruwa?

Bayan wannan ne na zaɓi abu ɗaya tak. Kowace safiya, kafin in taɓa waya, zan yi minti 20 ina rubuta bayanin yadda ake wani aiki na ofishinmu, cikin harshen da sabon zuwa zai gane. Na sha jin ana cewa kwana 21 ya isa abu ya zama jiki. Kwana 21 ya zo ya wuce ina jan kaina da ƙyar, har na fara cewa wannan ma ba nawa ba ne. Abin da ya riƙe ni wani bincike ne da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a wata jami'a a Landan, aka fitar da shi a 2009. Sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin sabawa da wata sabuwar ɗabi'a, suka ga tsaka-tsakin lokacin da ake ɗauka kwana 66 ne, wani ya samu cikin kwana 18, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya ba ya rusa ginin. Wannan na ƙarshen ya fi yi mini amfani, don ni a da idan na fasa sau ɗaya sai in ɗauka an gama, in watsar gaba ɗaya.

Da wata 9 ya cika na yage ambulan. Hasashe na farko: zan koma kwas ɗin akanta in gama shi. Ban koma ba, kuma wannan karon da saninna na ajiye shi, na rubuta dalili, ban ji nauyin kowa ba. Na biyu: zan nemi canjin wurin aiki, don a ganina wurin ne ya danne ni. Ban nema ba, ina nan inda nake, aikin ne ya sauya a hannuna. Na uku: zan karanta littafi 12. Huɗu na karanta. Wasu masana halayyar ɗan Adam, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun yi bayanin wannan tun 1979, yadda mutum kan raina lokacin da aiki zai ci masa ko da ya sha ganin irinsa ya wuce zatonsa. Yanzu duk abin da na ce zai ɗauke ni mako ɗaya, mako biyu nake ware masa. Koyarwa kuwa, wadda ta zama babban abin da ya faru da ni a waɗannan watanni, ko kalma ɗaya ban rubuta a kanta a cikin ambulan ɗin ba. Shafukan safiyar nan sun taru sun zama abin da ake miƙa wa duk wanda aka ɗauka aiki, daga baya aka ce ni zan riƙa zama da su a makonsu na farko.

Halin da Yaya ta faɗa bai tafi ba. Kwanakin baya aka kawo wata daga wani reshe don ta taya ni horar da sababbin ma'aikata. Rana ɗaya na ji ta tana bayani na san ta fi ni. A daren na ji tsohuwar muryar nan tana cewa wataƙila dai koyarwa ba taka ba ce, ka duba wani abin. Na ɗauko littafin na rubuta abin da ya faru da abin da na ji, na rubuta a ƙasa abin da zan yi da safe.

Da safe na same ta na ce, "Malama, idan ba damuwa, ina so in zauna a bayan ajinki yau." Ta ce bismillah. Na zauna a kujerar ƙarshe da littafina a cinya. Abu na farko da na lura da shi, idan ta yi tambaya ba ta amsa wa kanta kamar yadda nake yi. Shiru take yi tana jira. Na ƙirga a zuci, sai da na kai tara kafin wani saurayi a gefen taga ya ɗaga hannu a hankali. Na rubuta tara, na ja layi a ƙarƙashinta.