Wasiƙar Kakana Daga Bama

Jiya muna kwashe kayan tsohuwar adakar marigayi kakana, Allah ya jiƙansa, sai na ci karo da wata ambulan da ta koma ruwan ƙasa. Wasiƙa ce da ya aiko wa yayansa a 1944, lokacin yana cikin runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kwasa zuwa yaƙin Bama, wato ƙasar Myanmar ta yanzu.

A jikin ambulan akwai hatimin mai tace wasiƙu. A ciki kuma an yanke layi biyu da reza, sai huji kawai. Dokar soja ce a lokacin: ba a faɗin inda ake, ko sunan jirgin ruwa, ko yawan waɗanda suka mutu, don kada takarda ta faɗa hannun Japanawa. Sai hafsa ya karanta kafin ta bar sansani. Na fahimci dalilin, amma wallahi hujin nan ya tsaya mini a rai. "Yaya, yanzu muna..." shi ke nan. Daga baya, da bakinsa, ya gaya wa babana cewa a kwarin kogin Kaladan suke a lokacin, can ƙasar Bama.

Wani abokina ya ce masu tara irin waɗannan ambulan a Ingila suna sayensu, hatimin da lambar mai tacewa suke bi. Ban ga laifinsu ba, su ma adana tarihi suke yi. Tawa dai ba ta sayarwa ba ce. Na sa ta a leda, gobe zan kai wa gwaggona ta gani, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa.